Sakan Uku Tsakanin Falwaya Biyu: Tunawa da Yaya Rakiya

A wannan makon yayata, Malama Rakiya, ta cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da muke yi bai wuce mu taru a gidanmu na unguwar Takur a garin Dutse mu sauke Alƙur'ani, a raba sadaka, kowa ya kama gabansa ba. Bana kuwa na ga ya kamata in rubuta wani abu, domin abin da ta ƙare shekarunta na ƙarshe tana tsoro ya dawo ƙofar gidanmu, kuma ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, shekara goma sha huɗu ke tsakaninmu. Mahaifinmu malami ne, a zaurensa rabin unguwa suka yi karatu. Bayan rasuwarsa, ita ma mijinta ya rasu, sai ta dawo gida ta riƙe karatun, ta mayar da shi Islamiyya. Da safe ƙananan yara, bayan la'asar matan aure da tsofaffi. Yawancin ɗalibanta daga tsallaken hanya suke zuwa, amma a wancan lokacin ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai. Hanyar burji ce mai ramuka, mai mota ma lallaɓawa yake yi don tausayin motarsa.

Ranar da aka gama zuba mata kwalta murna muka yi, har da ni. Ba a yi wata uku ba direbobi suka gane cewa ta nan an fi saurin ɓullawa babban titi. 'Yan adaidaita suka fara, ƙananan motocin haya suka biyo baya, daga nan sai tifofin da ke ɗauko dutse da yashi. Yaya ta daina zama a kan tabarmarta idan an tashi karatu. Sai ta yafa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa har sai yaro na ƙarshe ya tsallaka.

Cikin ɗalibanta na yamma akwai Inna Delu, tsohuwa ce da ta haura sittin kafin ta fara koyon baƙi. Ta kai izu biyu, kuma ba ta da labarin da ya wuce wannan, duk wanda ta haɗu da shi sai ya ji. Wata ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar gida. Takalminta ɗaya yana tsakiyar kwalta, jakar littattafanta tana cikin kwata. An riga an tafi da ita asibiti. Yaya tana zaune a kan dakali. Ta ce mini, "Habibu, na ga motar tun daga nesa. Na buɗe baki in kira ta, kafin in gama sunanta an wuce wurin."

Inna Delu ba ta rasu a ranar ba. Ƙugunta ne ya karye, ta kwanta wata biyar, ba ta sake takawa ba har Allah Ya karɓi abinSa. Yaya takan tsallaka kowace Alhamis ta biya mata karatu a kan gado.

Bayan addu'ar bakwai ta ce in raka ta ofishin da ke kula da hanyoyi. Jami'in da ya saurare mu mutumin kirki ne, ya yi mana ta'aziyya, ya sa aka kawo ruwa. Sannan ya ce, "Malama, kowace unguwa haka suke zuwa su ce ana gudu a titinsu. Mota nawa ke bi ta wurinku a awa ɗaya? Gudun nawa suke yi? Idan babu wannan, me zan rubuta wa na sama da ni?" Ni a raina na ɗauka sallama ce cikin ladabi. Ita kuwa da muka fito ta tsaya a bakin mota ta ce, "Ya yi gaskiya. Ban sani ba. Tsorona kawai na kawo masa, shi kuwa ba zai iya sa tsoro a fayil ba."

Kafin in koma aikin ofis na koyar da lissafi na 'yan shekaru, don haka ni ta tsare a daren farko da tambayoyi, washegari kuma ta sa ni aiki. Akwai falwaya biyu a gefenmu na titi, ɗaya a kusurwar masallaci, ɗaya daidai ƙofar gidanmu. Muka aro tef ɗin awo wurin wani magini muka auna tsakaninsu. Ya ɗan gaza mita hamsin, sai muka ƙara taku kaɗan muka shafa farin fenti a gefen kwalta. Na rubuta mata a bayan kwali: motar da ta cinye wannan tazara a sakan shida tana gudun kilomita talatin a awa, sakan huɗu arba'in da biyar, sakan uku sittin, sakan biyu kuwa casa'in. Na ce mata idan ta manta, ta raba ɗari da tamanin da yawan sakan ɗin, abin da ya fito shi ne gudun. Ta maimaita sau biyu kamar mai hadda, ba ta sake tambayata ba.

Sauran dabarun duk nata ne. Ta zaɓi mata bakwai cikin ɗalibanta. Ta saya wa huɗu daga cikinsu irin ɗan carbin nan na zamani da ake maƙalawa a yatsa ana dannawa, kowace da abin da za ta ƙirga: wannan ƙananan motoci, wannan adaidaita, wannan babura, waccan manyan motoci. Mace ɗaya takan tsaya a wajen masallaci ta ɗaga hannu da zarar gaban mota ya kai falwaya, biyu kuma a ƙofar gida su danna agogon waya mai ƙirga sakan. Idan lissafin su biyun ya saɓa, wanda ya fi sauƙi ga direba take rubutawa. Takan ce gara a rage masa da a ɗora masa abin da bai yi ba, domin shaida ce, kuma za a tambaye su a kanta gobe ƙiyama.

A kwana biyun farko ta lura direbobi suna taka birki idan suka hango mata a jere da takarda. Sai ta mayar da masu agogo cikin zaure, suna leƙowa ta taga, mai ɗaga hannu kuma aka ajiye mata farantin gyaɗa a gaba. Rubu'in awa suke yi sau uku a yini: lokacin zuwan yara da safe, lokacin tashinsu, da kuma bayan la'asar. Mako uku suka yi a haka, har da ranakun da ba karatu, don kada a ce ta zaɓi ranar da ta ga dama.

Akwai awo ɗaya da ban yi tunaninsa ba duk da lissafin da nake taƙama da shi. Da sassafe, kafin titi ya cika, ta sa yaro ɗan shekara biyar ya tsallaka tana riƙe da hannunsa, ta duba sakan nawa ya ci. Ta sa wata tsohuwa mai sanda ita ma ta tsallaka. Sannan ta zauna ta auna tazarar da ke tsakanin mota da mai bi mata a lokacin tashin makaranta. Abin da ta gano shi ya hana ta sukuni: sau da yawa tazarar ba ta kai rabin abin da tsohuwar ke bukata ba. Wato duk ranar da suka tsallaka lafiya, ba don hanya ta ba su dama ba ne, wani direba ne ya ga dama ya sassauta.

A wannan shekarar na sayi motata ta farko, kuma ina jin kaina. Da ta gama haɗa takardun ta ba ni in buga mata a na'ura. Ina cikin bugawa na iso shafin da ta ware wa motocin da suka fi kowa gudu, waɗanda aka gane masu su. A layi na huɗu na ga launin motata da lambarta. Sakan biyu da rabi, ranar Litinin da safe. Har sau uku na fito a shafin.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ce, "Yaya, wannan takardar fa ofis za ta, kuma akwai abokan aikina a can. Ki cire wannan layin."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ƙarya aka yi maka?"

Na ce na makara ne a ranakun.

Ta ce, "Wanda ya buge Inna Delu ma cewa ya yi ya makara. In na cire ka, da wane ido zan bar ɗan wani a ciki?"

Na ajiye mata takardun ban ƙarasa ba. Kusan mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi. Ta kai wa wani mai shago ya ƙarasa bugawa, ta kai ofis da kanta, da sunana a ciki.

Wata ranar Asabar da hantsi ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a bakin titi, daidai inda yara ke tsayawa kafin su tsallaka. Na zaci maganar sulhu za ta yi. Sai ta ce, "Tsuguna." Na dube ta. Ta ce, "Tsuguna mana, kanka ya dawo daidai na ɗan shekara biyar." Ina sanye da manyan kaya, mutane suna wucewa, amma yayata ce, na tsuguna.

Ban taɓa ganin titinmu daga nan ba. Adaidaitar da aka ajiye a gefe ta rufe mini komai, ba na hango abin da ke tahowa sai na miƙa wuya cikin kwalta. Ƙara kawai nake ji, ban san daga wane ɓangare take ba. Can sai ga tifa ɗauke da dutse. Tayarta ta fi kaina tsawo. Iskarta ta bugi fuskata, ta cire mini hula, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tafin ƙafata, tsakuwa ta fallatso mini a wuya. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Yaya tana tsaye a kaina da wayarta a hannu. Ta ce, "Wannan sakan uku da rabi ya yi. Ka fi shi gudu."

Ban iya cin abincin rana ba a ranar. Tun daga lokacin, duk sanda na zauna a bayan sitiyari a cikin unguwa, sai in tuna tayar nan in sassauta ƙafa, kuma har yau haka nake. Na je na ba ta haƙuri da yamma. Ta ce ba ita na yi wa laifi ba, in je in yi alwala in gode wa Allah da Ya sa a takarda na ga sunana, ba a bakin mutane ba.

Takardar ta yi wata takwas tana yawo. Yaya ta koma ofishin ya fi sau goma, kowane zuwa da sabon ƙirge. Jami'in nan ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa ganin mutanen unguwa sun kawo abu irin wannan ba, kuma shafin da ya fi yi masa amfani wurin shawo kan manyansa shi ne na yaro da tsohuwa. A ƙarshe aka zo aka yi tudun rage gudu guda uku, aka kafa allo mai hoton yara. Da aka gama ba ta yi shagali ba. Ta sake fito da matanta suka auna na mako guda, don ta tabbatar abin ya yi aiki. Ya yi. Yawancin motoci suka koma sakan shida, bakwai.

Shekara biyu da wani abu ta yi bayan nan. Ciwon suga ne ya ci ƙarfinta a hankali, ta rasu a ɗakinta da rana tsaka, muryar yara tana tashi daga zaure. A iya sanina, daga ranar da aka yi tuddan har ranar da aka ɗauke ta, ba a sake buge kowa a ƙofar gidanmu ba.

Bara aka sake gyaran titin. An faɗaɗa shi, an yi masa magudanar ruwa, ya yi kyau ƙwarai. Injin da ya kankare tsohuwar kwalta ya tafi da tuddan uku, allon ma aka tuge shi. Muka zuba ido a mayar, ba a mayar ba. Dutse kuwa ba ta nan yadda Yaya ta bar ta. Gari ya buɗe, ɗaliban jami'a sun ƙaru, gine-gine ko'ina, kuma kowane gini tifa ke kai masa kaya. Yara matasa suna tuƙa adaidaita da abin jin kiɗa toshe a kunne. Na sha ganin direba ya wuce ƙofarmu kansa a sunkuye yana duba waya.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga wannan. Na tabbata ba za ta tsaya zagin zamani ba, ba halinta ba ne. Ina jin wayoyin nan ma burge ta za su yi. Yanzu mutum ɗaya zai iya jingina waya a taga ya ɗauki bidiyon rubu'in awa, ya zauna daga baya ya ƙirga komai a natse, ya tsayar da hoto ya duba sakan ɗin da mota ta shiga da wanda ta fita. Aikin mata bakwai ya zama na mutum guda. Abin da zai ɓata mata rai shi ne yadda muke amfani da su. Idan aka yi haɗari, kafin a ɗaga wanda ya faɗi an ɗaga waya ashirin. Kafin haɗarin kuwa, lokacin da ɗaukar hoton zai yi amfani, ba ka ganin ko ɗaya.

Kwanakin baya na je Jahun gaisuwar rasuwa, ranar ta dace da cin kasuwa. A wata unguwa kafin a shiga cikin gari na hango mata uku a inuwar darbejiya, kowace da ɗan carbin dannawa a yatsa, ta huɗu kuma tana can nesa tana ɗaga hannu. Na gangara gefe na tsaya, na yi musu sallama, na tambayi babbarsu abin da suke yi. Ta yi mini bayani tiryan-tiryan, har da ɗari da tamanin ɗin da ake rabawa. Na ce wa ya koya musu? Ta ce wata 'yar'uwarsu ce da ta yi aure a Dutse. "An ce wata malama ce a can ta fara. An ce ma mota ce ta kashe ta, Allah Ya jiƙanta."

Na ce mata ba mota ba ce, a kan gadonta ta rasu, kuma ni ƙaninta ne. Matar ta saki baki, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, suka yi mata addu'a mai tsawo. Ba su san sunanta ba sai a ranar. Da zan tafi na tambaye ta ko an yi musu abin da suke nema. Ta ce tukuna, wannan ne karo na biyu da suke ƙirgawa. Jikanta aka buge a wurin da damina.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, sai in ga abin da aka gina da siminti da kwalta shi ya fara tafiya. Tuddan sun tafi. Takardunta na asali ban san a wace durowa suke ba, in ma suna nan. Makarantar tana nan, matata da wata tsohuwar ɗalibarta ke riƙe da ita, amma masu zuwa daga tsallake sun ragu, iyaye da dama sun cire 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Tsofaffin yamma kuwa saura biyu. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar da ta bari: idan tsoro ya kama ka, kada ka zauna da shi a ɗaki, ka fita ka auna abin da kake tsoro, ka rubuta gaskiya ko da a kan naka ne, ka kai inda ya dace, ka kuma koma. Wannan ya kai Jahun ba tare da sunanta ba, kuma wa ya san inda ya kai bayan nan.

Mu ma mun sake aunawa bayan ƙaramar salla. Ba zan kawo alƙaluman a nan ba, suna cikin takardar da muka miƙa. Abin da zan ce kawai, sakan biyu da rabin da na ji kunyarsa a wancan lokacin yanzu ba ya ma shiga shafin masu gudu. Jami'in da ya taimaki Yaya ya yi ritaya. Wanda muka tarar ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya yaba, sannan ya tambaye ni ko an samu rahoton wani haɗari a wurin tun bayan gyaran titin. Na ce ba a samu ba tukuna. Ya ce to, za a duba, amma akwai wuraren da suka fi mu matsuwa.

Ina da 'ya da ta kusa cika shekara bakwai, an haife ta wata biyu bayan rasuwar Yaya, sunanta aka sa mata, muna kiranta Ummi. Makarantar bokonsu tana tsallake. Kullum da safe ni nake riƙe hannunta mu ƙetare, in tsaya har ta shige. Amma ƙarfe ɗaya da rabi ina ofis, kuma a daidai wannan lokacin ba na iya karanta ko layi ɗaya na abin da ke gabana. Wayata nake kallo. Idan ta yi ƙara na ga sunan matata, sai na yi salati kafin in ɗauka.

Allah Ya jiƙan Yaya Rakiya, Ya jiƙan Inna Delu, Ya sa karatun da suka yi tare ya zame musu haske. Masu tuƙi da ke bi ta Takur, ina roƙonku don Allah ku sassauta ƙafa idan kun iso masallacin nan na kusurwa. Masu ofis kuma, takardarmu tana kan teburinku, kuma mun amsa duk tambayoyin da ke ciki sai guda ɗaya, ta rahoton haɗari. Yara arba'in da wani abu ke tsallaka wurin nan kowace rana, na san su, na san iyayensu. Ban san ɗan wa ake jira ba.